Tsohuwar Waya da Sabuwar Manhaja: Ina Iyakar Haƙƙin Mai Ita?



Akwai wata mas'ala da ta yawaita a bakin matasa da masu gyaran waya, tun daga Maraɗi da Damagaram har Tawa da Yamai. Mutum ne ya sayi waya da guminsa, ya riƙe ta shekara biyar ko shida, gilashinta bai fashe ba, tana ɗaukar caji, tana kira tana amsawa, amma kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa, har manhajojin da yake bukata suka fara ƙin hawa kanta. Sai a ce masa akwai wata babbar manhaja sabuwa da wasu mutane suka haɗa ba da hannun kamfanin ba, in an ɗora mata ita za ta farfaɗo. Shin ya halatta ya yi haka? Ko ya ci amanar kamfanin da ya sayar masa? In kuwa ya jefar da ita ya sayi wata alhali tana da sauran amfani, shi ma ya kuɓuta daga zargi?

Malamanmu ba su yanke hukunci a kan abin da ba su suranta ba, saboda haka sai mu fara da sanin abin. Wayar zamani jiki ce da manhaja. Jikin shi ne gilashi da batir da ƙananan na'urorin da ke ciki. Babbar manhaja kuwa ita ce ke tafiyar da su duka, kuma a mafi yawan wayoyin da ke hannun mutanenmu sunanta Android, wadda kamfanin Google ya saye a shekarar 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Ita wannan manhaja rubutun ɗan Adam ce, kuma duk rubutun ɗan Adam ba ya rasa ɓaraka. Kullum ana gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi su shiga, kullum kuma ana yi mata faci. A shekarar 2015 an gano wata kafa da aka sa wa suna Stagefright, wadda masu bincike suka ƙiyasta ta shafi waya kusan miliyan 950, ta yadda saƙon bidiyo guda ya isa a kutsa cikin wayar mutum. Wanda kamfaninsa ke aiko da faci ya samu an toshe masa. Wanda aka daina aiko masa kuwa, ƙofarsa ta zauna a buɗe har ranar da ya rabu da wayar.

Sa'an nan su ma ƙananan manhajojin suna tafiya su bar tsohuwar waya a baya. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. Ranar nan mutane da yawa sun wayi gari da waya mai lafiya a hannu, amma ta kasa yin abin da aka saye ta dominsa.

To, a nan ne batun ɓarnar dukiya ya shigo. Shari'a ta hana tozarta dukiya, kuma hanin bai tsaya a kan kuɗin da ke cikin aljihu ba, ya haɗa da duk wani abu mai amfani da aka yar tun amfaninsa bai ƙare ba. Wani rahoto na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Saura fa? Wani ya tafi juji, wani ya biyo jiragen ruwa zuwa ƙasashenmu na Afirka. Ƴan'uwanmu mazauna Ankara ta ƙasar Gana sun san unguwar Agbogbloshie, inda samari suka shekara da shekaru suna ƙona wayoyin lantarki don su cire jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai guba, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Mu dai a ganinmu, wanda ya tsawaita ran wayarsa da shekara biyu ko uku, ya rage wa iyalinsa kashe jikkuna masu yawa, ya yi abin yabo. Kuma mafi girman nauyin wannan ɓarna yana wuyan wanda ya ƙera abu mai iya shekara takwas sa'an nan ya janye hannunsa bayan biyu. Su kansu ƙasashen Turawa sun gane haka. A watan Fabrairu na 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci kamfanin Apple tarar Yuro miliyan 25 domin bai sanar da mutane ba cewa wata sabuntawa tana iya rage wa tsofaffin wayoyinsu sauri. Daga ranar 20 ga Yuni 2025 kuma dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera waya su ci gaba da ba da sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin. Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu na 2023 da 2024. Sai dai waɗannan wayoyin masu hali ne. Talaka da ke sayen mai araha bai ga wannan alkawari ba.

Yanzu sai tambayar mallaka. Wanda ya sayi abu ciniki ingantacce, ya biya, ya karɓa, abin ya zama nasa, yana da ikon ya sarrafa shi yadda ya so matuƙar bai cutar da kowa ba. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa sharaɗin da ke warware manufar ciniki, kamar a sayar maka da abu bisa sharaɗin ba za ka sayar ba kuma ba za ka yi kyauta da shi ba, sharaɗi ne ɓatacce. Wanda ya sayi babur yana iya canza masa inji, wanda ya sayi gida yana iya rushe ɗaki ya gina wani, ba tare da ya nemi izinin magini ba. Ba mu ga abin da zai fitar da jikin waya daga wannan asali ba.

Amma manhaja fa, ai haƙƙin wanda ya rubuta ta ne? Haka ne, kuma ba mu raina wannan haƙƙi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta su ba. Sai dai a nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ginshiƙin Android shi ne Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma izinin da ke kansa ya ba kowa damar ya kwafa, ya gyara, ya rarraba, bisa sharaɗin duk wanda ya rarraba abin da ya gyara ya bayyana rubutun gyaran ga jama'a. Google ma ta saki asalin rubutun Android a fili da izini mai faɗi. Abin ya yi kama da rijiyar da mai ita ya haƙa a bakin hanya ya ce kowa ya ɗiba. Wanda ya ɗebi ruwan nan bai yi sata ba, ko da maƙwabcin rijiyar mai sayar da ruwa bai ji daɗi ba.

Daga wannan rijiya ne wasu masu sa kai suka ɗiba. Sun fara da suna CyanogenMod a 2009, da kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin ya rufe hidimarsa a ƙarshen 2016 sai suka ci gaba da suna LineageOS. Ga misali guda na abin da suka yi: wayar Galaxy S5 ta fito a 2014, kamfaninta ya tsaya da ita a Android 6, su kuwa suka kai ta har Android 11, ba su karɓi ko dala ba daga masu wayoyin. Kuma tarihinsu ya nuna mana inda iyaka take. A 2009 Google ta aika musu da takardar gargaɗi domin suna haɗawa da manhajojinta na kanta, irin su Gmail da taswira, waɗanda ba ta saki ba. Sai suka cire su, suka ci gaba da rarraba abin da aka halatta musu kaɗai. Wannan rarrabewa ita ce daidai: abin da mai shi ya saki halal ne, abin da ya riƙe sai da izininsa. Manhajar kuɗi da aka fasa makullinta don a yi amfani da ita kyauta ba ta shiga cikin wannan sauƙi ba, ko a tsohuwar waya ko a sabuwa.

Akwai kuma garanti. Kamfanoni da yawa sun shar'anta cewa in ka buɗe makullin farko na wayar, wato wanda ke hana wata baƙuwar manhaja hawa, sun sauke nauyin gyara daga kansu. Wannan sharaɗi ne mai ma'ana, domin ba a ɗora wa mutum lamunin abin da wani ya taɓa. A wayoyin Samsung ma akwai wata alama a cikin na'urar da ake kira Knox, wadda ke ƙonewa sau ɗaya in an ɗora baƙuwar manhaja, ba ta kuma komawa yadda take. Ga tsohuwar waya wannan ba wani abin damuwa ba ne, tunda garantinta ya daɗe da ƙarewa. Abin da muke hani a kansa shi ne mutum ya buɗe sabuwa, ta lalace a hannunsa, ya mai da tsohuwar manhaja ya rufe, ya kai ta yana rantsuwa bai taɓa ta ba. Girman kamfani da yawan dukiyarsa ba su halatta a yi masa ƙarya ba.

Halaccin abu a asalinsa bai nuna cewa kowane irinsa lafiyayye ne ba, kuma a nan muke so mai karatu ya natsu. Magabatanmu masu ilimin hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi, har zuwa tushe. Wanda ba a san halinsa ba, ana ajiye ruwayarsa komai daɗinta. Babbar manhaja ta fi cancantar wannan bincike fiye da yadda matasa ke zato, domin ita ce ke ganin kowane saƙo, kowane hoto, da kowace lambar sirri da aka danna. LineageOS tana da isnadi: rubutunta a fili yake, an san masu kula da kowace waya, kuma kowane fayil yana ɗauke da sa hannu na lissafi da ake iya gwadawa a tabbatar ba a sauya shi a hanya ba. Fayil ɗin da ya biyo ta hannun wani a rukunin hira, ko aka kwafo daga kwamfutar wani mai shago wanda shi ma bai san inda ya samo ba, ruwayar majahuli ce. Mafi yaɗuwar wannan a garuruwanmu su ne jabun WhatsApp masu ƙarin ado, irin su GB da FM. A 2021 masu bincike na kamfanin Kaspersky sun sami wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani kwafin FMWhatsApp, tana karanta saƙonnin mutum tana kuma yi masa rajistar hidimomin kuɗi bai sani ba. Su waɗannan sun haɗa laifi biyu: an sauya manhajar da masu ita ba su saki ba, kuma an buɗe sirrin duk wanda ke hira da mai wayar. Mu ba mu ga fuskar halatta su ba.

Ko mai isnadin ma tana da iyaka, kuma masu ita ba su ɓoye ba. Akwai wani sashe na manhaja da ke tafiyar da na'urar kama layi da kyamara, wanda yake a rufe a hannun masu ƙera na'urorin. In sun daina yi masa faci, babu mai sa kai da zai iya. Makullin farko kuma in an buɗe shi galibi a buɗe yake zama, wanda ya sami wayar a hannunsa ya fi samun sauƙin yi mata kutse. Wasu manhajojin banki da na aika kuɗi suna gwada wayar, in sun ga an sauya ta sai su ƙi aiki. Sa'an nan wayoyin da suka fi yawa a kasuwanninmu, Tecno da Itel da Infinix, da wuya ka sami ɗayansu cikin jerin waɗanda LineageOS ke kula da su. Abin da ake samu dominsu galibi aikin mutum ɗaya ne da ba a san shi ba.

Mafi yawan mutane ba da hannunsu suke wannan aiki ba, wurin mai gyara suke kaiwa su ce a yi mata filashin. To, in ta mutu murus a hannunsa, wa zai biya? Mazhabarmu ta yi fice da hukuncin lamuntar da masu sana'a: wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, kamar tela da marini da maƙeri, in ya karɓi kayan mutum ya tafi da su inda mai su ba ya gani, shi ke da lamuni in sun salwanta, sai in an sami shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Dalilin malamai shi ne maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun ba masu sana'a kayansu, in kuwa aka ce babu lamuni sai sakaci ya yawaita. Amma sun ware ayyukan da haɗari ke cikin jikinsu, kamar huda lu'ulu'u da sassaƙa dutsen zobe, suka ce a nan babu lamuni sai an tabbatar ya ƙetare ƙa'idar sana'ar. A fahimtarmu ɗora baƙuwar manhaja ya fi kama da huda lu'ulu'u, domin ko gwani yana iya bin ƙa'ida duka wayar ta ƙi tashi. Saboda haka in mai gyara ya bayyana haɗarin, mai waya ya yarda, ya kuma bi hanyar da masana aikin suka sani, ba a ɗora masa. In kuwa ya ɗora fayil ɗin wani samfuri a kan wani don gaggawa, ko ya fara aiki da batir da ya kusa mutuwa, ko ya karɓi aikin da bai iya ba don kada ya rasa kuɗin, ya lamunta. Haka nan buɗe makullin farko yana goge duk abin da ke cikin wayar. Mai gyaran da ya san haka bai faɗa ba, har lambobin abokan cinikin mutum da hotunan iyayensa da suka rasu suka tafi, ya yi ɓarnar da kuɗi ba su biya. Ba sai mun tsawaita a kan mai leƙa hotunan matan mutane yana kwafewa ba. Kowa ya san sunan wannan aiki.

Daga mai gyara sai mai sayarwa. Masu kiwo sun san dabarar nan ta ƙin tatsar akuya ko saniya kwana biyu kafin ranar kasuwa, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta hana wannan, ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Tsohuwar wayar da aka ɗora wa sabuwar manhaja, aka sauya mata murfi, aka nuna wa baƙauye lambar Android ta bana ana ce masa sabon yayi ce, ita ce akuyar nan. Akwai ma masu sauya rubutun da wayar ke nunawa don ta faɗi girman ma'ajiyar da ba ta da shi. Duk wanda zai sayar da wayar da aka sauya wa manhaja, wajibi ne ya faɗa, ya kuma faɗi abin da ba ya aiki a cikinta, ko kyamara ce ko manhajar banki, domin aibi ne da ke rage daraja, kuma mai saye ba zai gane shi da duban ido ba. Wannan ya hau kan ɗan kasuwar da ke sarowa daga Farm Centre ta Kano kamar yadda ya hau kan wanda ke sayar wa abokinsa.

Kayan aikin da ake farfaɗo da tsohuwar waya da su, su ne kuma ake wanke ta sata da su. Tun daga Android 5.1 a 2015 an sa wani kulle da ke hana amfani da wayar da aka goge sai an shigar da asusun mai ita na farko, don a kashe wa ɓarayi kasuwa. Kowace waya kuma tana da lambarta mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke fitowa in an danna *#06#, da ita ake bin sawun wadda ta ɓace. Lalle akwai mai gaskiya da ya manta asusunsa, ko magajin da mahaifinsa ya rasu ya bar waya a kulle, kuma taimakon waɗannan alheri ne. Amma yaron da ya zo da waya mai tsada, ba kwali ba rasit, bai san sunan da ke kanta ba, yana so a cire kulle a sauya lamba yau yau, mai gyara ya san abin da yake gani. In ya yi masa, ya zama abokin tarayya, kuɗin da ya karɓa kuma ba ladan sana'a ba ne.

Saura mas'ala guda wadda ba a cika tambaya ba, alhali ita ce ta fi kusa da mutane irinmu. Duk abin da muka faɗa na ikon mai waya a kan wayarsa ya ginu ne a kan cewa haɗarin nasa ne shi kaɗai. Amma wayar ma'ajin masallaci da ake turo gudummawa a kanta, da ta uwar adashi, da ta mai shagon aika kuɗi, da ta malamin asibiti mai riƙe da bayanan marasa lafiya, waɗannan akwai haƙƙin wasu a cikinsu. Mai riƙe da amana ba shi da ikon yin gwaji da ita kamar yadda zai yi da dukiyarsa. Kuma a nan wuƙar tana da baki biyu, domin barin kuɗin jama'a a kan wayar da ta shekara biyar ba a yi mata faci ba shi ma sakaci ne, kamar ɗora mata manhajar da ba a san tushenta ba. Abin da muke gani ga irin waɗannan shi ne jama'ar da suka ɗora musu amanar su haɗa kuɗi su saya musu waya mai samun sabuntawa daga kamfaninta, a keɓe ta ga wannan aiki kaɗai. Ita kuwa tsohuwar, a goge ta sarai, a ɗora mata manhaja mai isnadi in tana cikin waɗanda ake samu, a ba ɗalibi ya riƙa sauraron karatu da ita.